Sallah ta wuce, jarina ya tafi, daga ina zan fara rage kashe kuɗin gida?

Maman Yara Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Dan Allah shawara nake nema don abin ya dame ni har bacci bana samu sosai. Ni a Aboabo nake nan Kumasi ta ƙasar Gana, gidan haya ne irin mai tsakar gida ɗaya, ɗaki da falo muke da shi, yarana huɗu sai ƙanin maigida da yake koyon aiki a wajensa shima tukunyarmu yake ci. Maigida makaniki ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, aikinsa irin na yau akwai gobe babu, ni kuma ina saida mayafai da hijabi da ɗan turare a cikin gida, wasu su biya nan take wasu su ɗauka sai ƙarshen wata.

Abinda ya faru shine tun tsakiyar azumi aiki ya yi masa sanyi, abinda yake bani na cefane baya kaiwa, kuma kunsan yadda azumi yake, da la'asar sai an dama koko an soya ƙosai ga ƙanƙara ga lamurji ga ɗan kankana da abarba, sannan a aika maƙwabta a aika masallaci, toh sai na fara zara daga kuɗin mayafai ina cewa in ya samu zai mayar min. Goman ƙarshe na shigowa aka shiga zancen kayan sallah, yara huɗu kowa kala biyu, takalma, kitso da lalle, nawa da nasa, shinkafa mai ƙamshi, galan na mai, kaji, lemon kwalba na baƙi, ga goron sallah na yaran dangi da suke ta shigowa kwana uku ba zaka ce musu babu ba.

Shekaranjiya na zauna na lissafa sai da gabana ya faɗi. Jarina da ya kai sidi 4,000 abinda ya rage a hannuna bai cika 700 ba. Tela yana bina 600, mai shagon layinmu 450, kuma ana gobe sallah na ci bashin waya, irin wanda ake ci ta manhaja, 500 wanda maigida bai sani ba har yanzu. Kuɗin hayarmu zai ƙare wata ɗaya bayan babbar sallah kuma lanlod ya riga ya ce na shekara guda yake so a dunƙule. Babbar sallah kanta kwana 70 ne tsakaninta da wannan, ga biki biyu a gaba an riga an kawo min yaayi, wato anko, na duka biyun, ga ɗan abinda muke tura wa mahaifiyarsa a Bawku duk wata.

Wata maƙwabciyata ta ce min wai sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, da wasa ta faɗa amma wallahi maganar ta tsaya min a rai, don ni ba don nuna isa na yi ba, kawai bana so yarana su fita filin idi su ji kansu ƙasa da na mutane. Tambayata ita ce daga ina ake fara ragewa yadda yara ba zasu ji yunwa ba kuma ba za a ce na yanke zumunci ba? Wane bashi zan fara biya? Kuma ta yaya zan gaya wa maigida ba tare da ya ga kamar ina yi masa gori ba?

Hajiya Mai Waakye Asawase:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ta karanta min, ina faɗa tana rubutawa. Sama da shekara 30 ina saida waakye, wato shinkafa da wake, na aurar da shida da wannan tukunya, don haka abinda kike ciki na shiga ba sau ɗaya ba. Ni har yau da tsohon kuɗi nake ƙirgawa, tun 2007 da aka cire wa sidi sifili huɗu kaina bai sauya ba, jarin nan naki miliyan 40 ne a wajena, ba ƙaramin abu bane, kuma shi ne abu na farko da nake so ki ji tausayinsa. Jari ba kuɗin cefane bane. Ranar da kika zuba shi a tukunya kin cinye kazar da take miki ƙwai. Ragowar 700 ɗin nan ki ƙulle shi daban, ko gishiri ya ƙare kar ki taɓa.

Kafin ki rage komai ki samu littafin yara guda ɗaya ki rubuta duk abinda ya fita daga hannunki kwana bakwai, har ruwan leda ɗaya, har biskit ɗin da kika sai wa auta don ta yi shiru. Kar ki canza komai a wannan satin, ki rubuta kawai. Don mu mata mun ɗauka kuɗi a buhun shinkafa yake tafiya, alhali a tafin hannun yara yake fita da safe. Ki lissafa da kanki, in yaro ɗaya kina bashi sidi 10 na abinci zai tafi makaranta, huɗu 40 kenan, kwana biyar 200, a wata 800. Ni mai saida abinci ce, ribata a nan take, amma gaskiya ɗaya ce, gidan da yake da baki bakwai bai kamata ya riƙa sayen karin kumallo a bakin titi kullum ba. Ki sayi gero olonka ɗaya, wato gwangwanin awo, ki jiƙa ki kai inji da citta da kanumfari da barkono da masoro, ki tace, gasarar zata yi miki kwanaki in kina sauya mata ruwa. Da safe ki dama, ki basu da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko burodi, ranar Asabar a soya ƙosai. Shayi da madara da Milo ki mayar da shi sau ɗaya ko biyu a sati. Na rana kuma ki ƙara hannu a girkin dare ki ɗiba musu a kula, ki basu ɗan canji kaɗan don kada su riƙa kallon hannun wasu.

Sai miya. Lokacin rani tumatir yawancinsa daga Burkina ake kawo shi shi yasa yake da tsada, toh wa ya ce dole sai jar miya kullum? Tuwon zafi da ayoyo, kuka, busasshiyar kuɓewa, miyar gyaɗa, duk basa cin tumatir da mai kamar jar miya. Daddawa da kifin amane da ɗan ganda sun isa su tada miya, nama ki bar shi ranar Juma'a. Shinkafa mai ƙamshi ta baƙi ce, ta gida ta fi auki kuma ta fi riƙe ciki, sai dai ki tsince ta da kyau. Gari da wake da ɗan manja abinci ne da ya raini rabin zango, wato unguwanninmu na Hausawa a nan Gana, ba abin kunya bane.

Sayen ƙwaya ƙwaya shi yake kashe talaka. Gawayi na leda, mai na cokali, sukari na ƙulli, kullum kina biyan ribar mai ƙullawa. Ki nemi mata huɗu ko biyar a layinku waɗanda kika yarda da su ku haɗa kuɗi ku sayi buhun masara da na wake, in kuna da direba ko ɗan'uwa mai zuwa Ejura ko Techiman ya fi sauƙi, in babu ku shiga kasuwa da kanku da sassafe ku raba da olonka a gaban kowa. Kuma yanzu ne lokacinsa, don daga nan har sabuwar masara da sabuwar doya su fito wajen watan bakwai zuwa takwas hatsi hawa yake yi. Gawayi ma buhu, kafin damina ta kankama ya jiƙe ya yi tsada. Wake ki jiƙa shi tun dare ki dafa a gawayi da 'yar kanwa, gas ki bar shi na ɗumame da abin sauri.

Maganar mai shago da tela, kar ki jira su aiko. Ki tafi da ƙafarki ki ce ga abinda zan iya duk sati, ko sidi 50 ne, kuma ki cika. Mai bin bashi ba rashin kuɗi ne yake ɓata masa rai ba, canza hanya ne in an hango shi. Sannan ke ma ai ana riƙe da naki, waɗanda suka ɗauki mayafi suka yi kwalliyar sallah da shi ki bi su gida gida, kunya bata biyan haya. Yaayi kuwa ni a ganina ki mayar da duka biyun ki ce bana baki da hali, wanda zai yi fushi ya yi.

Ɗan Magazine:

Salam Maman yara, Allah ya rufa asiri. Ni mai fentin mota ne a Magazine ɗin, bansan mijinki ba amma nasan irin halin da yake ciki don duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, bayan sallah masu mota suma aljihunsu ya bushe sai wanda motarsa ta tsaya cak yake zuwa. Bari in gaya miki yadda muke, da yawanmu in muka ajiye cop moni, wato kuɗin cefane, da safe muka fita shikenan a tunaninmu ya isa, in muka dawo muka tarar da abinci bamu tambayar ina aka samu cikon. Ba mugunta bace, wani lokacin tsoron amsar ne. Ni sai da matata ta ajiye min takarda a gabana na ga da idona cewa abinda nake bayarwa rabin abinda ake ci ne, sauran daga ɗinkinta yake fita, kuma na yi kwana biyu ina jin nauyinta.

Don haka ki gaya masa, har da bashin wayar, amma ba a bakin ƙofa yana shigowa da baƙin mai a jikinsa ba, kuma ba gaban ƙaninsa ko yara ba. Ki bari ya yi wanka ya ci abinci, ki kawo littafin da Hajiya ta ce ki ce Baban wane zo ka taya ni duba wannan lissafi ya fi ƙarfina. In kika fara da na kashe jarina a kanku zai ji gori, in kika fara da ga haya na zuwa yaya zamu yi zai zauna. Kuma ragewar kada ta tsaya a kicin ɗinki kaɗai, mu ma muna da ramukanmu, katin waya da data, abincin rana a waje kullum, shayi da tsire a majalisa da dare, hawa pragya, keken haya mai ƙafa uku, inda trotro, wato bas ɗin haya, ko ƙafa zata kai ka, wasu kuma har da cacar ƙwallo ta waya wadda ta cinye samari da magidanta da yawa a zango ana ɓoyewa. Bance naki yana yi ba, amma in zai riƙa tafiya da kula daga gida shi da ƙaninsa kaɗai ma zaki ga bambanci a sati.

Bashin da zaki fara biya na waya ne, babu tantama, don shi kaɗai ne yake girma kina bacci, na tela da mai shago suna nan yadda suke. In kuma irin manhajojin nan ne marasa lasisi ki yi sauri ki rabu da su, na taɓa faɗawa hannun wata, da na makara kwana kaɗan sai suka fara kiran mutanen da ke cikin wayata har da surukina, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Babban Bankin Gana ya sha fitar da gargaɗi a kansu. Kuma kar ki ci wani bashin don ki biya wannan.

Maganar haya, dokar haya ta 1963 bata yarda lanlod ya karɓi fiye da na wata shida a gaba ba, kowa ya san ba a bin ta, shekara ɗaya ko biyu ake karɓa, kuma ba ina ce ku je ku yi masa barazana da ofishin Rent Control mai kula da harkar haya ba tunda gida ɗaya zaku ci gaba da zama. Amma maigida ya same shi tun yanzu da wani dattijo na gidan ya roƙi a raba biyu, wata shida shida, tsohon ɗan haya mai biya ya fi sabon da ba a sani ba. Sannan ku buɗe susu, wato ajiyar kullum a hannun mai tarawa, na haya daban, ko sidi 20 ne kullum, mai susu zai cire na kwana ɗaya a wata ladansa, sauran naku ne. Sai dai ku san wa kuke ba, mutane basu manta 2019 ba da aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da bada rance (maikurofainans) 347 a rana ɗaya, da yawa sai da suka yi dogon jira kafin su ga kuɗinsu. In a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, zaku ajiye ku samu layi daban wanda ba a yawo da shi, harajin E-levy na tura kuɗi ta waya an cire shi tun watan huɗu na 2025 amma kuɗin cirewa wajen ejan yana nan, don haka a daina cire goma goma.

Wuta kuma in mita ɗaya kuke rabawa da 'yan gida ki duba abinda ake lissafa muku, in akwai hita ko tsohon firiji da ba a komai da shi a cire, guga a tara a yi sau ɗaya a sati.

Yar Nima:

Hajiya ki gafarce ni Mma, duk abinda kika faɗa na yarda banda maganar mayar da yaayi duka biyu. Ni daga Akra nake amma zango ɗaya ne ko Nima ko Aboabo, yaayi bashi ne. Ranar aurenta da ranakun sunan yaranta huɗu ai wasu sun cire kuɗi sun sayi nata sun zo sun cika mata tsakar gida, kuma ita mai sana'a ce, waɗannan matan sune masu sayen mayafanta, in ta janye gaba ɗaya zata ji a kasuwarta. Abinda nake yi ni shine in duba wanne ya fi kusa, wadda ta tsaya min ranar nawa ita zan ɗauki nata, kuma ba dole sai yadi shida da sabon takalmi da jaka da meko ba, ki ɗauki abinda zai yi riga ki haɗa da zanin da kike da shi. Ɗayar kuma ki je har gida ki gaya wa uwar biki gaskiya tun da wuri kafin ta sa ki a lissafi, ranar girki ki zo tun asuba ki kama aiki, ki bada gudummawar da zaki iya, mace mai hankali ta san wadda ta kwana a bakin murhu ta fi wadda ta zo ɗaukar hoto. Kuma anti ki kai mayafanki gidan bikin, a nan ake ciniki.

Abu biyu da zan ƙara. Kada garin ragewa ki bar katin inshorar lafiya, NHIS, na yara ya mutu, damina na zuwa sauro zai dawo, zazzaɓin yaro ɗaya ba kati zai iya cinye duk abinda kika tara a wata, a waya ma ana sabuntawa da *929#. Na biyu kada ki gina lissafinki a kan wani na waje zai turo. Yayana yana Amurka, da can in ya turo dala 100 muna ganin sama da sidi 1,500, da sidi ya yi ƙarfi a 2025 ta dawo wajen 1,000 da ɗan wani abu, kuma kaya a kasuwa basu sauko haka ba, shima can haya yake biya. In ya zo alhamdulillah a zuba a jari.

Kayan babbar sallah kuma tunda kala biyu kika yi musu ki wanke ɗaya ki goge ki ɓoye a akwati tun yau. Na zaman gida ki shiga gwanjo, wato fos, a kasuwar Kejetia, mu nan kasuwar Kantamanto muke zuwa duk da gobarar da ta ci ta farkon 2025 an sake ginawa ana ciniki. Kuma ki zaunar da manyan yaranki ki gaya musu, yaro ɗan shekara goma yana ganewa in aka yi masa magana kamar mutum.

Malamin Makarantar Allo Sawaba:

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa Allah ya yaye miki. Zan taɓa ɓangaren addini ne kawai don na ga babbar sallah tana cikin abinda yake tsorata ki. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, kuma malaman Malikiyya sun bayyana mai hali da wanda baya buƙatar kuɗin dabbar don larurarsa a cikin shekarar. Wanda haya take jiransa kuma ana binsa bashi ba a neme shi da ya ƙara wani bashin don ya ɗaure rago a ƙofar gida ba. In Allah ya buɗa kafin lokacin, rago ɗaya ko akuya ɗaya ta isar wa maigida da iyalansa. Haɗa kuɗi mutum bakwai a sayi saniya kuwa sauran mazhabobi sun yarda, Malikiyya basu yarda da tarayya a kuɗin ba, kowa ya tambayi malamin da yake bi. In nama ne kawai ake so yara su ci, watanda ba laifi, kuma a zango ranar layya gidan da bai yanka ba baya kwana babu nama.

Bashin da yake da ruwa a kai riba ne, ki fita daga cikinsa da gaggawa ki yi istigfari. Rubuta bashi kuma ba rashin yarda bane, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka masu ɗaukar mayafanki ki riƙa rubutawa da ranar biya.

Ciyar da gida haƙƙi ne a kan miji, dukiyar mace tata ce. Abinda kika kashe in da niyyar rance kika yi yana nan a kansa, in kin yafe sadaka ce gare ki, amma ku yi maganar a fili kada ta zauna a zuciya ta zama wani abu. Na mahaifiyarsa a Bawku ban ba da shawarar a yanke ba, in ya zama dole a rage shi da kansa ya kira ta ya yi mata bayani, kada ta ji daga bakinki ko ta ga kuɗi ya ragu ba magana. Mu ma malaman makaranta in iyaye suka zo suka ce wannan watan babu, bama korar yaro, a zo a faɗa kawai, kada a ajiye shi a gida saboda kuɗin sati.

Maman Yara Aboabo:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yi shiru ne don in yi abinda kuka ce tukuna. Na rubuta na kwana takwas, kuma abinda Hajiya ta faɗa haka ya fito, kuɗin safe na yara da ruwan leda ɗai ɗai da gawayin ƙulli da kati sun kusa kai kuɗin girkin dare gaba ɗaya, ban taɓa zato ba. Gero na jiƙa, yau kwana huɗu kenan a gida muke dama koko.

Maigida na gaya masa daren Juma'a yadda Ɗan Magazine ya ce. Da ya ji zancen bashin waya ransa ya ɓaci ya tashi ya fita tsakar gida ya daɗe, na zauna ina kuka na ɗauka na ɓata komai, da ya dawo sai ya ce shima mai saida kayan gyara yana binsa 900 tun kafin azumi bai gaya min ba don kada hankalina ya tashi. Mun kai wajen ƙarfe ɗaya muna lissafi. Ya ce kuɗin mayafai rance ne zai riƙa mayar min kaɗan kaɗan duk ranar da aka biya shi aiki, kuma yanzu da kula suke fita shi da ƙaninsa. Na bi mutum biyar cikin masu riƙe da kuɗina, uku sun biya, da shi na kashe bashin wayar jiya na goge abin daga wayata. Mai shago na kai masa 100 ya ce ba komai in ci gaba a hankali, tela ne dai bai ji daɗi ba yace shima yaran shagonsa suna jiransa, na ce masa duk Asabar zai ganni.

Yaayi na bi shawarar Yar Nima, Hajiya ki yi haƙuri, na ɗauki na 'yar ƙanwar babana na mayar da ɗayan, uwar bikin ta amsa min sama sama bansan ko ta ji haushi ba amma zan je aikin. Malam na karanta wa maigida maganarka ta layya bai ce komai ba, na san abin yana masa nauyi don tun da muka yi aure bai taɓa fashin yanka ba, na bar shi tukuna.

Inda na maƙale yanzu babban ɗana ne, yana JHS 2, aji biyu na ƙaramar sakandare, ya ƙi ɗaukar kula wai abokansa zasu yi masa dariya, jiya haka ya tafi bai ci komai ba sai la'asar, in akwai wadda ta taɓa fama da irin wannan ta gaya min yadda ta yi. Lanlod kuma ya yi tafiya sai sati mai zuwa za a same shi. Maganar buhun wake da masara mun zama mu uku a layinmu, muna neman ƙarin mutum biyu kafin ƙarshen wata don direban da zai taho mana da shi daga Ejura sau ɗaya yake zuwa a sati.